Digirin aikin jarida: kuɗin da za a zuba zai dawo kuwa?

Yayan_Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke cikin harkar. Ƙanwata ta dage sai aikin jarida za ta karanta. Ta nemi jami'ar gwamnati, makinta na JAMB bai kai ba, sunanta bai fito ba. Yanzu wata jami'a mai zaman kanta ta ba ta gurbi, amma kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci sun tasar wa miliyan biyu a shekara. Mahaifinmu ya rasu, ni ne a kai. In har zan biya, sai na sayar da filin da nake da shi a bayan gari. Shin wannan kwalin yana mayar da kuɗinsa? Ko ta jira baɗi ta sake JAMB? Ko ta canza kwas gaba ɗaya? Don Allah wanda ya sani ya gaya min gaskiya ko da ba daɗi.

Sani_Mai_Data:
Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura ka taɓa filin nan. Ni dai iyakar tawa ke nan.

Tsohon_Edita:
Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka ɗawainiyar da kake yi. Ɗauko biro mu yi lissafi. Miliyan biyu sau huɗu, miliyan takwas ke nan in ba a ƙara ko sisi ba, kuma za a ƙara. To nawa sabon ɗan jarida ke ɗauka? Na riƙe ɗakin labarai a wani gidan rediyo mai zaman kansa, ta hannuna ake ɗaukar yara. Da yawansu abin da ake ba su bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Kai, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa na yanzu, 77,000, ya fi albashin wasu da suka daɗe suna karanta labaran ƙarfe bakwai. Yarinya za ta gama bautar ƙasa a gidan, a ce an riƙe ta, ta yi ta murna, ƙarshen wata ta ga kuɗinta raguwa ya yi. A cikinsa za ta hau Adaidaita, ta sayi data, ta yi ɗinki, don ba a zuwa hira da kwamishina da koɗaɗɗen mayafi. Ko a ce tana ajiye dubu ashirin duk wata, wanda ba za ta iya ba, sai ta haura shekara talatin kafin ta tara miliyan takwas.

Ba cewa nake aikin ba shi da albarka ba, da shi na yi aure na aurar. Amma abin da aka kashe min a jami'ar gwamnati a zamaninmu bai taka kara ya karya ba. Kuma a teburina ban taɓa tambayar yaro nawa ya biya a makaranta ba. Labari nake miƙa masa da Turanci, in ce mayar min da shi Hausa kafin in sha shayin nan, sannan ya shiga sitidiyo ya karanta in ji.

Hauwa_Kulu_Zariya:
Baba Edita, akwai abin da ka bari a lissafinka, wato lokaci. Yajin aikin ASUU na 2020 wata tara ya ci, na 2022 wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Duka biyun sun rutsa da ni. Ƙawata da muka gama sakandare tare ta tafi ta kuɗi, tana bautar ƙasa ni ina gida ina jiran a sasanta da Ngige, ministan ƙwadago na lokacin. Ga 'ya mace shekara biyu ba wasa ba ne. Kana zaune a gida gwaggonni za su fara zuwa da maganar miji, wata daga nan karatun ya tafi ke nan.

Tsohon_Edita:
Gaskiyarki, 'yata. Sai dai shekara biyun nan ta kai a saye ta da fili? Wannan shi zai auna, ba mu ba.

Dan_Sitidiyo:
Ni digirin nake da shi, kuma in da za a mayar min da shekarun da na so. Jami'ar da na yi, ba sai na kama suna ba, ajinmu ɗaruruwa ne, kyamara biyu, ɗayar a lalace. Ranar darasin ɗaukar hoto malami zai ɗaga ta sama mu hango ta daga baya kamar jinjirin watan Sallah. Mun haddace sunayen Turawa masu nazarin sadarwa, mun zuba a takardar jarrabawa, mun manta. Abin da nake ci da shi yau, haɗa sauti da tace bidiyo, a lokacin sanin makamar aiki na koya, a hannun wani bawan Allah da ko difloma ba shi da ita. Shi ya zaunar da ni gaban manhajar Adobe Audition ya nuna min yadda ake yanke tarin baƙo da jan numfashinsa ba tare da mai sauraro ya ji ɗinkin ba. A ba yarinyar nan waya mai kyau da ƙaramin makirfo, a kai ta wani gidan rediyo ta riƙa bin manya. Ya fi.

Malama_Rabi:
Ni koyar da kwas ɗin nake yi, don haka ku san ta inda nake magana. Dan Sitidiyo, ƙarancin kayan aiki yana nan a wasu wuraren, ban musa ba. Amma wanda ya koya maka yanke sauti ya koya maka mene ne ɓata suna a doka? Ya gaya maka in baƙo ya yi wa wani ƙazafi a shirinka kai-tsaye, kai da gidan za a iya haɗa ku da shi a kotu? Ya nuna maka yadda ake rubuta wa ma'aikata takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da cewa kwana bakwai doka ta ba su su amsa? Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da shi har aka yi masa gyara a 2024, masu shafukan labarai na Facebook nawa ne suka taɓa buɗe shi? Sai mutum ya kwana a sel ake neman lauya.

Yayan Ummi, abu biyu za ka tambaya kafin ka yanke shawara. Na farko, ainihin me za ta karanta? Tun 2020 NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta sanar da raba kwas ɗin, wato Mass Communication, gida bakwai: akwai aikin jarida, akwai na rediyo da talabijin, akwai hulɗa da jama'a, akwai talla, akwai fim, akwai sadarwa don raya al'umma, akwai nazarin bayanai da kafofin watsa labarai. Wasu jami'o'in sun raba, wasu suna nan a tsohon tsari. Na biyu, NUC ta amince da kwas ɗin a can? In ba ta amince ba, bautar ƙasa ma sai ta gagara.

Sannan lissafin Baba Edita na albashin gidajen FM ne kawai. Ɗalibaina da suka fi samun rufin asiri ba a can suke ba. Suna ƙungiyoyin agaji, suna bankuna, suna hukumomin gwamnati a matsayin jami'an yaɗa labarai. Duk sanarwar neman ma'aikata ta irin waɗannan wuraren, layin farko digiri ne. Mai waya da makirfo ko takardarsa ba za a buɗe ba.

Dan_Sitidiyo:
Malama, Allah ya ƙara sani. To ai kin ga waɗanda kika ce sun samu, duk barin aikin jaridar suka yi.

Abu_Tarihi:
Abubakar Imam da ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara ta a Zariya a 1939, wane digirin jarida ya yi? Baiwa ce kawai. In Allah bai ba ka ba, ko digiri goma ka yi ba ka iyawa.

Malam_Bello_Funtuwa:
Abu Tarihi, misalin nan ana yawan kawo shi kuma ba ya zama. A 1939 ina za shi ya yi digirin? Sai a 1961 aka fara koyar da aikin jarida a jami'a a Najeriya, a Nsukka. Kuma Imam Kwalejin Katsina ya yi, makarantar da ba ta da ta biyu a Arewa a lokacin, ya koyar, ga karatun allo da na littattafai tun daga gida. Mutum ne da ya sha karatu ya ƙoshi. Kada yara su ji wannan su ce baiwa ta ishe su.

Bakano_a_Ohio:
Muhawarar nan ko a nan Amurka ana yin ta, kuma ta fi zafi saboda bashi. Makarantar aikin jarida ta Jami'ar Columbia da ke New York, wadda aka buɗe a 1912 da kuɗin Joseph Pulitzer, digiri na biyu na shekara ɗaya a can, in ka haɗa da haya da abinci, ya haura dala 100,000. Ga shi kasuwar tana tsukewa. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu daga kusan 71,000 a 2008 zuwa kusan 31,000 a 2020. Amma duk da haka mutane na rububin shiga, don abin da suke saye shi ne ƙofa: malamin da zai ɗaga waya ya kira edita, da abokan aji da gobe su ne manya. Yayan Ummi, tambayi jami'ar nan ina tsofaffin ɗalibanta suke aiki. In suka fara kame-kame, ka samu amsa.

Mai_Sauraro:
Duk yaron da ya shiga kwas ɗin nan mafarkinsa ɗaya, a ji muryarsa daga Landan ko Bonn. Kuma can kam ana samu. Amma kujeru nawa ne? BBC Hausa tun 1957 take, DW tun 1963, sai RFI Hausa a 2007, sai TRT Afrika da ta zo a 2023. Ka haɗa su duka ba za su ɗauke ajin jami'a ɗaya ba. Muryar Amurka da muka tashi muna ji tun 1979, a Maris ɗin 2025 Trump ya sa hannu a takarda ɗaya, sashen Hausa ya yi tsit, wakilai a jihohi suka wayi gari ba aiki. Waɗannan ƙwararru ne fa, su ma sun dawo layin neman aiki tare da sababbin.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar akwai makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC a Yamai, nan mafi yawan tsofaffin 'yan jaridarmu sunka hito. Matsalar guda ce da taku, sai ma abin da ya hi. Bayan juyin mulkin 2023 an dakatar da RFI da France 24, a Disamban 2024 kuma an dakatar da BBC wata uku. Yaro ya gama lakwal, ya yi ta sitaj, wato koyon aiki, a rediyo mai zaman kanta shekara da shekaru babu albashi tsayayye. Wanda ya iya Hausa da Faransanci da kyau dai bai rasa abin yi, ƙungiyoyi na neman masu fassara da masu shirya faɗakarwa.

Gaskiya_Daya:
Kuna ta zagaye-zagaye. A faɗi yadda ake rayuwa a aikin mana. An gama taron manema labarai, a zaga bayan zaure, a fito da takarda kowa ya rubuta sunansa da na gidansa, jami'in hulɗa da jama'a ya miƙa wa babba ambulan a ce ga kuɗin mota, a raba. Wani mai gidan ma katin shaida kawai zai ba ka ya ce ka je ka nema da shi. Su kuma sojojin baka su sayi fili su zazzaga abin da suka ga dama, su fita da mota, mai digirin da ya buɗe musu makirfo ya fita neman Adaidaita. Wane darasin ɗa'a ne zai yi maganin wannan?

Malama_Rabi:
Ba zai yi ba, in ciki ba komai. Amma na ga yaran da suka ƙi karɓa, kuma su ne yanzu cibiyoyi irin su CJID da ICIR da Cibiyar Wole Soyinka ke ba horo da tallafin bincike. Hanyar a tsuke take, amma akwai ta.

Tsohon_Edita:
Maganar Gaskiya Ɗaya ce ta sa na dage kan farashi tun farko. Yaron da ya shigo min ba kowa a wuyansa, in aka miƙo masa na goro yana iya kau da kai, in an matsa masa ya ajiye aikin ya nemi wani. Wanda ya san an sayar da filin gida a kansa, kullum aka zauna cin tuwo ana kallonsa, shi ne ambulan ke saurin kamawa. Ba don ya fi wancan son zuciya ba. Na ga yara masu kirki da suka fara da cewa sau ɗaya ne kawai, saboda mahaifiya ta kira ana neman kuɗin magani. Duk abin da za a ɗora wa Ummi na nauyi yau, ranar da za ta yi wa wani mai mulki tambaya mai zafi yana nan a kanta.

Ibro_NELFUND_Ya_Biya:
Ba wanda ya ambaci bashin karatu. NELFUND, hukumar ba ɗalibai bashi ta gwamnatin tarayya, ta buɗe tun Mayun 2024, ba kuɗin ruwa a kai, suna biyan kuɗin makaranta kai-tsaye su kuma ba ɗalibi 20,000 duk wata. Sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara cirewa, kashi goma cikin ɗari na albashi. Ta cika mana.

Hauwa_Kulu_Zariya:
Ibro, na makarantun gwamnati ne kawai. Ɗalibin jami'ar kuɗi ba ya ciki.

Nana_Lafiya:
Ni ta wata hanyar na shigo. Kimiyyar ƙananan halittu na karanta, daga baya na yi diflomar gaba da digiri ta aikin jarida ina aiki ina karatu. Yau in kwalara ta ɓarke ko maƙarau, ni ake turawa, don na san abin da zan tambayi likita kuma ba ya iya rufe ni da Turanci. Abokan aikina masu digirin jarida sun fi ni iya tsara labari da farko, amma cikin 'yan watanni na kamo su, su kuwa har yau kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya yana ba su ciwon kai. In Ummi tana da ƙarfi a tattalin arziki ko shari'a ko noma, ko ma Hausar kanta, ta karanta shi. In jaridar ta ƙi, tana da wurin komawa.

Maman_Hanifa:
Ni tawa ta daban ce. Ku tambaye ta ta san aikin kuwa? Ko dai ta ga masu karanta labarai a talabijin da gwaggwaro da kwalliya ne? Akwai aikin dare, akwai fita ranar Sallah, akwai zuwa asibiti bayan hatsari. Mijin da zai yarda ma sai an tona. Na bari bayan haihuwata ta biyu, amma kwalin ne ya sa na samu koyarwa, aka ɗauke ni a mataki na 8. Don haka ni ba zan ce kwali banza ne ba.

Yayan_Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ba ta wayar ta karanta duka. Ga ta nan za ta yi magana da kanta.

Ina gaida iyayena da yayyena. Ummi ce. Ni ma ba na son Yaya ya sayar da fili, na gaya masa tun farko. Abin da nake tsoro zaman gida, don Kawu ya riga ya fara magana. Anti Maman Hanifa, ba kwalliya ce ta ja ni ba. Tun da ruwa ya cinye gadar unguwarmu na ɗauki hoto da muryoyin mata masu kai yara makaranta na sa a Facebook, aka yi ta turawa har kansila ya zo, na ji abin ya shiga raina. In na shiga kwalejin kimiyya da fasaha bana fa, ya kuke gani?

Malam_Bello_Funtuwa:
Madalla da 'yata. Hanya ce mai kyau. Ki yi ƙaramar difloma shekara biyu, a Kano ko Kaduna duk ana yin kwas ɗin, kuma NELFUND na ɗaukar su tunda na gwamnati ne. In sakamakonki ya yi kyau ki nemi shiga jami'a kai-tsaye a aji biyu. Akwai kuma Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos, wadda ke da alaƙa da ABU Zariya, in ɓangaren kyamara kike so.

Dan_Sitidiyo:
'Yan kwalejin fasaha sun fi mu taɓa kayan aiki, wannan kam na shaida. Ƙanwata, ki ci gaba da abin da kika yi na gadar nan, ki riƙa adana komai wuri ɗaya. Shi za ki nuna ranar neman aiki.

Hauwa_Kulu_Zariya:
Ni dai ban gamsu ba. Shiga kai-tsayen nan ba tabbas ba ne, guraben kaɗan ne, na san waɗanda suka yi ta nema suka haƙura suka yi babbar difloma. A aikin gwamnati kuma har yau ana nuna wa mai babbar difloma bambanci wajen ƙarin girma. Difloma shekara biyu, jami'a uku, in an yi yajin aiki shida. Da a ce akwai jami'ar jiha mai sauƙin kuɗi da za ta canza zuwa can bana, ya fi min wannan.

Malama_Rabi:
Ana iya haɗa biyun. Ta shiga diflomar yanzu don kada ta zauna, ta sake JAMB baɗi. In ta samu, shekara ɗaya ta tafi amma ba a banza ba. Ummi, nawa kika ci a JAMB ɗin, kuma kina da kiredit a Turanci da Adabin Turanci? Wasu jami'o'in ba sa ɗauka sai da shi.

Gaskiya_Daya:
Duk wanda za ta yi dai, ta koyi wata sana'ar a gefe.

Auwal_Sabon_Shiga:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni na riga na gama digirin, ina wani gidan rediyo ana bina da alƙawarin albashi wata da watanni. An ce in yi digiri na biyu ko zan samu koyarwa. Malama Rabi, da kuɗin in yi shi, ko in sayi kyamara in fara ɗaukar biki?